WSUS ko a bar kowace kwamfuta ta ɗauko facinta daga intanet? Amsa ga ɗan'uwanmu na Bompai

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ke kula da kwamfutocin wani kamfanin kayan masarufi ya kawo tambaya. Hedikwatarsu tana Bompai, suna da shaguna a Singa da Sabon Gari da sito a Sharaɗa. Kwamfutoci kusan 40 ne, sabar 3, kuma shi kaɗai ne a kan aikin. Ya ce data tana ƙarewa kafin wata ya kai, sabar lissafi ta taɓa sake kunna kanta ana tsakiyar ciniki, har Alhaji mai kamfanin ya ce a kashe sabuntawar gaba ɗaya kowa ya huta. Yana so ya sani: ya kafa WSUS a ofis, wato sabar da ke tattaro faci (gyare-gyaren da Microsoft ke fitar wa Windows) ta raba wa sauran kwamfutoci, ko ya bar kowace na'ura ta riƙa ɗauko facinta kai tsaye daga Microsoft, shi ya saita mata ƙa'ida kawai?

Malam, kafin a zo kan biyun, maganar Alhaji ce ya kamata a fara rufewa, kuma da hujja za ka je masa. Ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ta fitar da facin da ya toshe wata kafa a tsarin raba fayiloli na Windows. Ranar 12 ga Mayu, wata biyu bayan nan, wata muguwar manhajar neman kuɗin fansa mai suna WannaCry ta bi ta wannan kafar ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Waɗanda suka saka facin Maris ba su shiga ciki ba. Amma shi ma Alhaji yana da gaskiyarsa. A Janairun 2022 facin Microsoft na wannan wata ya sa sabar da ke riƙe da sunaye da kalmomin sirrin ma'aikata a kamfanoni da yawa ta riƙa kashe kanta tana kunnawa, sai da aka fitar da gyaran gaggawa bayan 'yan kwanaki. Ranar 19 ga Yuli 2024 kuma sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Wannan ba ta hanyar Windows Update ta zo ba, kuma WSUS ba zai tare ta ba, amma ta nuna abin da ke faruwa idan faci ɗaya ya shiga kowace na'ura a lokaci guda. Don haka abin da kake nema iko ne a kan abu biyu: wa zai fara karɓa, da yaushe na'ura za ta sake kunnuwa. Da wannan ma'aunin zan auna su.

WSUS wani ɓangare ne na Windows Server, ba a ƙara maka kuɗin lasisi a kansa. Sabar ɗaya ce ke sauko da facin daga intanet sau ɗaya ta ajiye, sauran kwamfutoci su zo su ɗauka ta wayar cikin ofis, kamar yadda dila ke sauke tirela ɗaya a sito 'yan shago su riƙa zuwa ɗauka. Ba abin da zai fita sai ka amince da shi da hannunka. Ɗaya hanyar kuwa, wadda aka sani da Windows Update for Business, babu sabar a tsakani. Kowace kwamfuta tana magana da Microsoft da kanta, kai kuma ta Group Policy (saitin ƙa'idoji na cikin Windows) ko Intune (manhajar Microsoft ta sarrafa na'urori ta intanet) kake gaya mata ta jira kwana nawa kafin ta karɓa. Facin wata-wata ana iya jinkirta shi har kwana 30, sabon zubin Windows har kwana 365, kuma idan ka ji an fara kuka da wani faci kana iya dakatar da komai na kwana 35.

Maganar data ita ce ta fi damunka, kuma a nan ne mutane ke saurin cewa WSUS ya ci. A shekarun baya haka ne, babu musu. Yau lissafin ya ɗan canza. Windows 10 da 11 suna da Delivery Optimization, wanda ke sa kwamfutar da ta riga ta sauko da faci ta miƙa wa 'yan'uwanta da ke netwok ɗaya. Yana aiki ta mashigar netwok mai lamba 7680, kuma sau da yawa shingen tsaron da aka saka ne ke toshe shi ba a sani ba, sai kowace kwamfuta ta koma jan nata daga waje. Ka fara duba wannan kafin ka kafa wani sabon abu. Shi kuma WSUS ba ƙaramin ci gare shi ba. Idan ka zaɓi kayayyakin Microsoft da yawa, ka haɗa da direbobi (manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura) da harsunan da ba ka buƙata, zai sauko da ɗaruruwan giga, yawancinsu babu na'urarka ko ɗaya da za ta taɓa nema. Ko da ka tsuke zaɓin, tun 2023 facin Windows 11 yana buƙatar saukon farko na kusan giga 10. Ga mai kwamfuta 300 a gini ɗaya wannan ba komai ba ne. Ga kwamfuta 25 a Bompai, ribar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Shagunan ne suka fi karya lissafin. Kwamfutar Singa da ke kan rauta mai layin waya ba ta ganin sabar Bompai sai ka haɗa su da VPN, wato keɓaɓɓen layi ta cikin intanet, kuma idan ka haɗa, facin zai bi ta intanet ɗin hedikwata ya fita, ya sake shiga ta datar shago. Ka biya sau biyu ke nan, ga jinkiri. Laftof ɗin manaja da ke yawo tsakanin Kano da Legas kuwa yana iya yin wata uku bai ga WSUS ba. A nan hanyar kai tsaye ta yi nisa da ita. Abu ɗaya ka lura: idan aka yi wa layin alamar mai ƙidayar data a cikin Windows, yawancin faci ba za su sauko ba, kai kuma kana zaton komai lafiya.

A ɓangaren iko WSUS ne a gaba, kuma ba zan rage masa ba. Kana iya ƙin faci ɗaya tak ka bar sauran, kana iya ware sabar lissafi a rukuninta ita kaɗai, sannan ka buɗe allo ɗaya ka ga wace na'ura ta karɓa, wace ta kasa. Group Policy shi kaɗai ba ya ba ka wannan rahoto. Sai ka shiga Intune ko rahoton da ke kan Azure, dandalin Microsoft na intanet, kuma Intune lasisi ne na kowane ma'aikaci duk wata, farashinsa yana bin dala. Kowa ya san yadda naira ta koma tun Yunin 2023. Idan kamfanin yana biyan Microsoft 365 Business Premium, Intune yana ciki, ka riga ka biya, sai ka yi amfani da abinka. Idan ba ya biya, kada ka ɗauki wannan nauyi don faci kawai.

Inda na fi jin tsoron WSUS gare ka shi ne wajen kulawa, domin kai kaɗai ne. Sabar ce da ke son a share mata tsofaffin facin da aka maye gurbinsu duk wata, a gyara mata rumbun bayananta, a ƙara wa WsusPool da ke cikin IIS, wato sashen da ke amsa wa kwamfutocin, yawan RAM ɗin da aka yarje masa, in ba haka ba allon sarrafawar ya riƙa yankewa. Wanda aka bari ba kulawa ya fi babu haɗari, saboda kwamfutocin an riga an ce musu kada su nemi faci ko'ina sai wurinsa. Ranar da ya tsaya, ko kai ka tafi hutu ba ka amince da komai ba, duk kamfanin ya daina samun faci shiru, babu wanda zai yi ƙorafi tunda ba abin da ya dame shi. Shi kansa abin kai wa hari ne: a Oktoban 2025 sai da Microsoft ta fitar da facin gaggawa kan wata mummunar kafa a WSUS da maɓarnata suka fara amfani da ita. Ga kuma maganar wutar lantarki. Sabar ce ta huɗu, ko ƙarin nauyi a kan ɗaya daga cikin ukun, tana cin inbata da dizal, tana ƙara zafi a ɗakin da a watan Afrilu sai da na'urar sanyaya ɗaki ake iya tsayuwa a ciki, kuma rumbun bayananta ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu.

Sannan akwai makoma. A Satumban 2024 Microsoft ta sanar cewa ta daina ƙara wa WSUS sababbin abubuwa. Bai mutu ba, yana cikin Windows Server 2025 kuma yana aiki. Wanda yake da shi a tsaye kada ya rushe. Amma wanda zai fara gini yau ya san cewa masu kayan sun juya wajen Intune da Autopatch da Azure Update Manager, kayan sarrafa faci ta intanet.

Ra'ayina ga kamfaninku: kada ka kafa WSUS. Yana da wurinsa, kuma wurin a bayyane yake: masana'anta a Chalawa ko Sharaɗa mai kwamfutocin da aka yanke su daga intanet da gangan, makaranta mai ɗakin jarrabawa da kwamfutoci ɗari biyu a layi ɗaya, ko hukumar da doka ta ce sai an rubuta wanda ya amince da kowane faci. Kai ba ka cikin waɗannan.

Abin da zan yi da ni ne, in raba kwamfutocin ma'aikata gida uku. Facin Microsoft yana fitowa Talata ta biyu a kowane wata, tsarin da suke bi tun 2003, kuma yakan iso mana nan tsakanin ƙarfe shida da bakwai na yamma. Rukunin farko kwamfutarka da wasu uku ko huɗu, su karɓa ba jinkiri. Kada ka cika rukunin da na'urorin da ba a aikin komai da su. Sa ɗaya mai manhajar lissafi, ɗaya mai firintar rasit, domin su ne ke fara nuna matsala. Rukuni na biyu yawancin ofis, bayan kwana 7. Na ƙarshe kwamfutocin kashiya da na akanta, bayan kwana 10 zuwa 14. Ka saita musu lokutan aiki, Windows yana yarda har awa 18, don kada su sake kunnuwa ana ciniki. Ka kuma sa wa'adi, in ba haka ba akwai wanda zai yi ta danna "anjima" har shekara ta zagayo. Tunda da dare ana kashe komai, ka nemi ma'aikata su bar na'urorin a kunne lokacin sallar Azahar da cin abinci. Duk wannan yana buƙatar Windows Pro ko sama da shi. Laftof ɗin da aka sayo na hannu a Beirut Road sau da yawa Home ne a kansu, shi kuma ba ya shiga domen, wato rukunin kwamfutocin da sabar kamfani ke sarrafawa. Ka ƙirga su tun yanzu.

Sabar uku kuwa ba sa buƙatar wata na'ura ta sarrafa su, hannunka ya isa. A Group Policy ka zaɓi su sauko da faci su sanar da kai, kada su saka da kansu. Wannan kaɗai ya kashe matsalar da ta fusata Alhaji. Ka tsayar da rana ɗaya a wata wadda kai da Alhaji kuka amince da ita, ranar da ba ciniki, kamar mako ɗaya bayan Talatar facin. Ka kauce wa ƙarshen wata lokacin albashi da kwanakin jajiberin Sallah da kasuwa ke cika. Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki kwafin ajiya a faifan da ba ya manne da sabar, kuma ka tabbata ka taɓa gwada dawo da shi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Janareta ya kasance a kunne da mai a ciki, batirin UPS kuma lafiyayye, domin sabar da wuta ta yanke mata tana tsakiyar saka faci tana iya ƙin tashi. Ɗaya bayan ɗaya za ka yi su, ka fara da wadda in ta tsaya asarar ba ta da yawa, ka shiga manhajar lissafi ka buga rasit na gwaji kafin ka wuce ta gaba. In labari ya zo cewa ana amfani da wata kafa ana kai hari a halin yanzu, ba a jiran ranar wata, a daren za ka yi.

Akwai abubuwan da ko wanne ka zaɓa ba zai taɓa su ba, kuma ta nan ɓarayi suka fi shigowa. Chrome, Adobe Reader, Java da manhajar lissafin kanta, kowanne da hanyarsa, kodayake winget, manhajar Windows ta saka da sabunta manhajoji, yana rage wahalar wasunsu. Rautar MikroTik da ke ofisoshi da yawa a garin nan ta taɓa samun kafa a Winbox, hanyar da ake saita ta, wadda aka toshe tun Afrilun 2018, amma aka ci gaba da kutsa wa dubban na'urori bayan nan saboda ba a sabunta su ba. Haka na'urar naɗar kyamarorin tsaro. Ka sa su cikin ranar nan ta wata. In akwai sabar Ubuntu a cikin ukun, unattended-upgrades zai saka facin tsaro da kansa, kai ka riƙe lokacin sake kunnawa.

Ka kuma duba shekarun kayan. Windows Server 2012 R2 ya daina samun faci kyauta ranar 10 ga Oktoba 2023, Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Server 2016 kuma wa'adinsa 12 ga Janairu 2027. Na'urar da ta wuce wa'adi, ko WSUS ko Intune ba su da abin ba ta sai an sayi ƙarin tallafi. Idan za ka nemi kuɗin canza su wurin Alhaji, ka tuna masa cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan aka kutsa bayanan mutane ta yadda zai iya cutar da su, kuma sunayen kwastomomi da lambobinsu da ke sabar lissafinku suna cikin irin waɗannan bayanai. Ka turo mana zubin Windows da ke kan kowace sabar da adadin kwamfutocin da ke kan Home, sai mu ga waɗanda za a fara canzawa.