Ajin Telegram na shirin jarrabawar MDCN: abin da na gani a ɓangaren bakteriya

Duk wanda ya karanto likitanci a waje ya san sai ya tsallake jarrabawar MDCN, wato hukumar kula da likitoci ta Najeriya, kafin a ba shi lasisi. Daga Sudan na dawo, ina zaune a Gusau ina jiran lokacinta, sai wata 'yar ajinmu ta turo min ajin nan na Telegram da ake ta yayi. Na kuɗi ne, ɓangare-ɓangare ake biya. Ɓangaren ƙwayoyin cuta kaɗai na biya, don nan ne sunaye suka fi cakuɗe wa mutum.

Tsakani da Allah malamin ya iya koyarwa. Rinin Gram, wanda ake bambance bakteriya da shi, da muka yi ta haddacewa, shi dalilinsa ya kawo: ƙwaya mai kaurin bango tana riƙe rinin farko ko an wanke ta da alkohol, mai siririn bango kuwa ta sake shi ta ɗauki jan rinin da ke biyo baya. Ya zo kan kwalara ya nuna ƙwayarta, Vibrio cholerae, a lanƙwashe kamar waƙafi, da yadda take fitowa ruwan ɗorawa a farantin TCBS da ake renonta a kai. A kan mashaƙo ya ja kunne kar a kankare fatar nan mai ruwan toka da ke maƙogwaron yaro, jini za ta yi. Saƙonnin muryarsa kuma gajeru ne, ba sa cin data. Wanda ya san halin sabis a nan zai gane darajar wannan.

Har na fara tallata su, sai muka zo kan sanƙarau.

Tambayar gwaji ce: wane rukuni na ƙwayar sanƙarau, Neisseria meningitidis, ne ya haddasa annobar 2017 a arewa maso yamma? Suka sa amsa wai A. Haba jama'a! Rukunin C ne. A Zamfara ta ɓarke tun ƙarshen 2016, ta bazu Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, kuma mu ta fi yi wa ɓarna. Rukunin A ai tun da aka fara allurar MenAfriVac a 2011 ya ja baya, amma A kaɗai allurar ke karewa, shi ya sa C ya tarar da mutane ba kariya. Ba labari aka ba ni ba. Hutun shekarar a gida na yi shi, na ga ɗan maƙwabtanmu an ɗauko shi a kafaɗa, wuyansa a sandare, haske ma ba ya so. Rashin kariya daga sauran rukunan ne ya sa Najeriya ta fara amfani da allurar Men5CV a 2024, mai kare rukuni biyar a allura guda.

Na rubuta cikin ladabi: "Ranka ya daɗe Malam, ina ganin amsar nan C ce, a taimaka a duba." Malam bai ce uffan ba. Yaron da ke kula da ajin ne ya amsa: "Dakta, ki bari sai kin ci jarrabawar tukuna ki gyara wa Malam." Ya goge saƙona, ya bar nasa. Kuskure kowa na yi, wannan bai dame ni ba. Gogewar ce ta tsaya min a rai, don yanzu duk wanda ya shiga ajin, A ɗin nan zai haddace, kuma har jiya amsar tana nan yadda take.

Tun daga nan na fara bin tambayoyinsu da ido biyu, sai ga shi yawancinsu daga jarrabawar Amurka aka kwaso. An cika mu da cutar Lyme, wadda har na gama aikin asibiti ban taɓa ganin mai ita ba, amma taifot layi kaɗan aka ba ta. Tarin fuka kuwa an tsaya a rinin Ziehl-Neelsen na gano ƙwayarsa, ko sunan GeneXpert ba a ambata ba, alhali da shi ake gwajin majina a asibitocinmu. Zaman kai tsaye da suka yi alkawari kowace Asabar ma, yau Malam yana tiyata, gobe yana kan hanya.

Saƙonnin muryar ina sauraron su har yanzu, ba zan yi ƙarya ba, sun fi abin da na samu a makaranta. Amsoshinsu dai sai na buɗe littafi na tabbatar kafin su shiga kaina. Ɓangaren magunguna da na yi niyyar biya, na fasa.