Sharhi a kan ƙaramar amfilifayar jitar bes mai wat 20 da matsalar fashewar sautinta

Amfilifayar jitar bes da nake amfani da ita tun bara, wato na'urar da ke ƙara wa jitar ƙarfin sauti, irin ƙanana masu arhar nan ce da ake samu a shagunan kayan sauti na Sabon Gari a Kano. Ƙarfinta wat 20 ne, tana da sifika ɗaya mai faɗin inci 8, da akwati na siririn katako, da maɓallan murɗawa guda biyar, da ramin hedifon. Na saye ta ne don atisaye a gida da kuma raka mai fiyano a ƙananan taruka a ƙauyenmu da ke ƙasar Wudil. A ɗaki ta biya kuɗinta, domin muryarta tana da daɗi idan ba a matsa mata ba, kuma ba ta da nauyin da zai hana a ɗaura ta a bayan babur. Sai dai tana da halin da duk mai irinta zai ci karo da shi, wato fashewar sauti: ka taɓa tsirkiya mai kauri, maimakon amo mai zurfi ya fito sumul, sai ka ji ya dishe yana karkarwa. Abokaina da dama da suka ji haka hukunci ɗaya suka yanke, cewa sifika ta mutu, a sayi sabuwa. Abin da na gani ya saɓa wa wannan, domin sifikar tana nan da ranta, kuma fashewar daga wurare daban-daban take fitowa.

Babban dalilin yana cikin yanayin bes ɗin kansa. Tsirkiya mafi kauri a jita mai tsirkiya huɗu tana girgiza kimanin sau 41 ne kacal a sakan guda, wadda ke biye mata kuma sau 55. Kafin kunne ya ji amo mai zurfi haka da ƙarfi, dole takardar sifika ta tura iska mai yawa, ta yi gaba ta yi baya da nisa, kuma takarda mai inci 8 tana da iyakar da ba za ta wuce ba. Ita ma amfilifayar tana da iyakar wutar da za ta iya bayarwa. Da zarar an nemi abin da ya fi wannan, sai ta datse kan igiyar sautin, kuma wannan datsewar ce kunne yake ji a matsayin dishewa. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne maɓallin ƙara bes ya fi kowane maɓalli cin ƙarfin na'ura. Ƙarin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a ƙasan sauti yana buƙatar ninkin wuta har huɗu, don haka wanda ya murɗa wannan maɓalli zuwa ƙarshe ya ɗora wa akuya kayan raƙumi. Haka nan, da a ce wat 40 na saya maimakon 20, ƙarin da zan samu desibel 3 ne kawai, wanda kunne zai ji shi amma ba zai cika fili ba.

Gwajin da ya fi yi mini amfani shi ne mafi sauƙi, wato sa hedifon. A wannan amfilifaya, da an cusa hedifon sifika takan yi shiru, saboda haka idan sautin ya fito garau a kunne, to laifin yana wajen sifika ko akwati, ko kuma an tura na'urar fiye da ƙarfinta. Idan kuwa fashewar ta biyo ka har cikin hedifon ko da an rage murya ƙwarai, sai a koma baya a duba jita da waya da mashigar sauti. Wayar da aka haɗo mini da ita siririya ce, kanta kuma na roba ne da aka narka, kuma ba ta daɗe ba ta fara tartsatsi duk lokacin da na motsa. Canza ta ya kawar da tartsatsin, amma bai taɓa dishewar ba.

Dishewar da ta biyo ni cikin hedifon daga jitar take. Tawa irin mai batir ce, wadda ke da ɗan ƙaramin batir mai kusurwa huɗu na bolt 9 a bayanta. Irin wannan jita tana da matsala biyu ga ƙaramar amfilifaya. Idan batirin sabo ne, sautin da take turawa yana da ƙarfi, har yakan cika mashigar amfilifayar tun kafin a ɗaga murya, kuma maganin wannan shi ne a rage maɓallin da aka rubuta wa Gain, a kuma ɗan rage muryar jitar daga jikinta, sannan a nemi ƙarfin daga babban maɓallin murya. Idan kuma batirin ya fara mutuwa, sautin yakan raunana ya riƙa fashewa musamman idan an ja tsirkiya da ƙarfi, kuma mai sauraro zai rantse sifika ce ta yage. Yana da kyau a sani cewa muddin waya tana cuse a jikin jitar, batirin yana ci ko da ba a kiɗa, don haka a riƙa zare ta bayan an gama.

Sai maganar wuta, wadda a wurinmu ita ce ta fi wahalar sha'ani. An ƙera na'urar ne don ta sha bolt 230, amma wutar NEPA da ke isowa ƙarshen layi a ƙauye, idan ma ta zo, sau da yawa ba ta cika ba, kuma ana gane hakan daga yadda fanka take juyawa a kasalance. Amfilifaya mai ƙaramar taransifoma irin wannan, idan wutar da ke shiga ta ragu, iyakarta ma takan sauko, sai ta fara datse sauti a matakin da jiya take fitar da shi lafiya lau. Da ƙaramin janareta abin ya fi muni idan an haɗa shi da fitilu da fiyano da babbar lasifikar mai sanarwa, domin duk bugun bes mai ƙarfi za ka ga ƙwan fitila ya ɗan dusashe tare da shi. Inbata mai arha ta sola kuma ta kawo wani ƙugi siriri wanda ba ya tafiya ko an rage murya gaba ɗaya. Sitabilaiza ta taimaka ƙwarai a kan wutar NEPA, kuma a ganina duk wanda zai sayi irin wannan amfilifaya a karkara ya sa kuɗinta cikin lissafi tun farko.

Bayan duk wannan, akwai wata karkarwa da ta rage, wadda ba ta fitowa a hedifon, kuma a kan wasu muryoyi biyu ko uku kawai take tashi. Wani ɓangarenta ba na amfilifayar ba ne sam: kwanon rufin ɗaki da murafun kwanukan da ke jere a kan kabad su ne suke amsa amon, kuma da na fitar da ita tsakar gida wannan ya ɓace. Ragowar ce ta kai ni wurin wani dattijo mai gyaran rediyo ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil. Bai fara da buɗe wajen wuta ba. Ya kwance ragar gaba, ya baza yatsunsa a kan takardar sifikar, ya danna ta a hankali daidai wa daida, ya karkata kunnensa yana saurare. Na ce, "Baba, ko koyil ɗin ne ya ƙone?" Ina nufin naɗin wayar da ke motsa takardar sifikar. Ya ce, "A'a, Malam, da koyil ne da ka ji yana gogar maganaɗisu, ƙarar-ƙarar. Wannan tana tafiya sumul." Ya ɗora mita, ta nuna kusan om 6 (om shi ne ma'aunin tirjiyar da waya ke yi wa wuta), ya ce haka sifika mai om 8 take nunawa idan lafiyarta ƙalau. Daga nan ya sa farce a gefen 'yar hular da ke tsakiyar takardar, sai ga shi gefe ɗaya ya ɗaga, gam ɗin ya bushe ya saki. Ya shafa sabon gam da tsinken ashana, ya ɗaure sukurori biyu na jikin sifikar da jijjigar babur a kan hanyar burji ta sassauta, ya ce kada in kunna ta sai washegari. Kuɗin aikin bai kai ko kusa da na sabuwar sifika ba, kuma karkarwar ba ta dawo ba.

A nan ne nake ganin gazawar masu ƙera ta a fili. Gam ɗin da ba zai jure zafin watan Afrilu a ɗakin kwano ba, da sukurorin da aka ɗaura cikin katako mai laushi ba tare da abin riƙewa ba, duk rowa ce da mai saye yake biyan kuɗinta daga baya. Maɓallan ma a buɗe suke ta baya, shi ya sa ƙurar hunturu ta shige su har suka fara ƙarar yashi idan ana murɗawa. Feshin wanke maɓallan lantarki ya gyara wannan, kuma ba a sa man inji ko kananzir a wurin. Hunturun yakan taɓa jitar ita ma, domin bushewar iska tana sauya lanƙwasar wuyanta har tsirkiya ta riƙa dukan ƙarafan da ke jere a kai. Ana gane wannan idan aka kaɗa jitar ba tare da an haɗa ta da komai ba aka ji zizar tana nan.

Yanzu ina barin maɓallin bes a tsakiya ko ƙasa da haka kaɗan, in ɗaga na tsakiyar sauti, wanda shi ne yake sa a ji bes a cikin sauran kayan kiɗa ba tare da ya cinye wuta ba, sannan in jingina akwatin kusa da bango ko a lungun ɗaki, inda ginin kansa yake ƙara wa amon zurfi. A haka tana raka fiyano da mawaƙi ɗaya a zaure ba tare da ta dishe ba. A filin biki kuwa, inda ake da kalangu da jama'a, ba ta da abin yi sai dai ta zauna kusa da ƙafar mai kiɗa don ya ji kansa, a tura sautin jitar ta babbar na'urar taron. Wanda ya yi duk waɗannan gwaje-gwaje kuma fashewar ta ci gaba a hedifon da ƙaramar murya, da wata jitar da wata wayar, to matsalar tana cikin allon wuta, wataƙila dalma ce ta tsage ko kafasita, wato 'yar na'urar da ke tara wuta, ta gaji, kuma wannan aikin mai gyara ne, domin kafasita takan riƙe wuta ko bayan an zare filogi daga soket.