Koren kyallen ɗaukar fim mai mita 3 da 6: yadda ya yi a fim ɗin komawa Garwa ta 1915

Kayan sun zo a jaka ɗaya: koren kyallen auduga mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6, ƙafafun ƙarfe biyu, sandar rataya mai gaɓa huɗu, da maƙalai shida. Na yi aiki da shi a gajeren fim inda wani mai mashin na Garwa, a arewacin Kamaru, ya shiga zaure ya ɓullo a 1915, shekarar da sojojin Ingila da Faransa suka karɓe garin daga hannun Jamusawa. Wahalar irin wannan fim ita ce ɓoye yau. Duk inda ka juya kyamara a bakin Binuwai, sai falwayar wuta ko rufin kwano ko eriyar waya ta leƙo, ga leda maƙale a ƙaya. Dalilin sayen kyallen ke nan: a ɗauki jarumi a gabansa, a cire koren a kwamfuta, a sa masa tsohon gari a baya.

Launinsa ya yi, kore ne sosai kuma ba ya sheƙi. Na tace da manhajar tace fim ta DaVinci Resolve, kuma Delta Keyer, abin cire kore da ke sashenta na Fusion, ya kama launin ba gardama. Amma kyallen siriri ne. In akwai taga ko fitila a bayansa, haske yana ratsowa ya yi masa dabbare-dabbare, dole a jingina shi da bango ko a sa baƙin zane a baya. Yana kuma fitowa daga jaka duk a tattaƙure, kowane layin ninki yana jefa 'yar inuwa da za ta fito a fim kamar datti. A fesa masa ruwa, a ja shi da ƙarfi, a bar shi minti 30, sauran a bi da guga. Maƙalai shida sun yi kaɗan, sai an ƙara kamar huɗu. Ƙafafun kuwa ba na waje ba ne, iskar hunturu tana kayar da su in ba a ɗora wa kowace buhun yashi ba, ƙura kuma tana dusashe koren cikin yini guda.

Inda aka fi cin wuya shi ne tazara. Jarumi ya tsaya aƙalla mita 2 daga kyallen. In ya matsa, koren yana dawowa jikinsa: farar babbar riga ta koma kalar ganye a kafaɗa, goshi mai gumi ya riƙa walƙiyar kore, musamman a zafin Maris da Afrilu. Sai dai da wannan tazara faɗin mita 3 mutum biyu kawai yake ɗauka, na uku hannunsa a waje yake. A duba aikin wuyan riga da zanen hula tun kafin ranar ɗauka, domin zaren da ke da kore zai ɓace ya bar rami a ƙirjin mutum.

Fitila biyu na kyallen ne shi kaɗai, ɗaya dama ɗaya hagu, a karkace, haskensu daidai wa daida. Fitilar jarumi daban. A ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, shota (wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto) a 1/50 na daƙiƙa, tunda wutar Kamaru sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, haka ne zai hana hoton ƙyaftawa. In jarumin zai ruga ta ƙofar da ke mayar da shi 1915, a kai shota 1/100, don gefen hannu da bakin riga su fito tsaf, ba hazo.

Abin da ya fi damuna, kuma nake son masu shirya fim namu su kula da shi: kyallen ba ya sa mai kallo ya yarda an koma baya, haske ne ke yin wannan. In an ɗauko hoton gidajen ƙasa da rumbuna a ƙauye da la'asar, rana tana hagu, to fitilar jarumi ma ta zo daga hagu, ja-ja, ƙasa-ƙasa. Tsayin kyamara da gilashinta su zama ɗaya a wuri biyun, a auna da awo a rubuta. In aka saɓa, ko yaro zai gane an liƙa mutum ne. Ƙafa ma tana tona asiri, don haka a zuba yashi na gaske a ƙasa ya taka, inuwarsa ta faɗi a kai.

Fitowar da jarumi zai haɗu da kakansa, alhali mutum ɗaya ke taka su biyun, ba ta bukatar kyallen in ba za su gitta juna ba. A kafe kyamara, a ɗauka sau biyu kafin rana ta gusa, a haɗa rabi da rabi. Mai ɗauka da waya kuma ya sani wayar tana matse launi, gefen gashi da gemu zai fito da tsattsage, gara ya sa wa jarumi rawani ko hula ya ɗauka daga ƙugu zuwa sama.

Ga ɗaki, mutum ɗaya ko biyu, kyallen ya biya kuɗinsa. Wanda labarinsa ke bukatar dawaki ko taron kasuwa, ya nemi bango ya shafa masa koren fenti marar sheƙi.