Kwana Bakwai A Kan Kilimanjaro: Abin Da Na Biya Da Abin Da Na Tarar

Daga Gusau na tashi, ta Abuja da Adis Ababa, na sauka a Tanzaniya. Kamfanin yawon buɗe idon da na yi ciniki da shi a garin Moshi yake. Na biya kuɗin kwana bakwai na hawan Kilimanjaro ta hanyar Machame, da kwana ɗaya na ganin namun daji a kwarin Ngorongoro.

Na sha hawa Dutsen Kwatarkwashi tun ina saurayi, amma wannan daban ne. Kilimanjaro dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da lafawa, tsayinsa mita 5,895, kuma numfashi ke fara gazawa kafin ƙafa. A wani wuri a kan hanyar da ake kira Lava Tower, wajen tsayin mita 4,600, kaina ya dinga sara kamar ana daka. Jagoranmu ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, pole pole," wato sannu-sannu da Suwahili. Daga nan ya gangaro da mu sansanin Barranco da ke ƙasa da nan muka kwana, don jiki ya saba da ƙarancin iska. Kullum da dare sai ya maƙala mana wata 'yar na'ura a yatsa ya duba iskar da ke cikin jini. An so sayar mini da tsarin kwana shida mai rahusa, na ƙi. Da na karɓa, ban jin zan kai.

'Yan dakon nan kuwa, Allah ya saka musu da alheri. Kowanne da kaya kusan kilo 20, su wuce mu a hanya, kafin mu iso sun kafa tanti, shayi na tururi. Mai girkinmu Musulmi ne, don haka ban yi shakkar nama ba, kuma ba tare da na roƙa ba yakan kawo mini ruwan ɗumi na alwala. A daren ƙarshe na hawa, da muka bar sansanin Barafu tsakar dare, ruwan gorata ya daskare. Da taimama na yi sallar asuba, sannan muka ƙarasa ƙololuwar Uhuru rana na fitowa a kan ƙanƙara. Na yi hawaye.

Abu biyu suka ɓata mini rai. Jakar barcin da kamfanin ya ba ni haya zif ɗinta ya lalace, na sha sanyi dare biyu kafin a canza. Sannan ba su faɗa mini tun farko cewa ana haɗa wa ma'aikata tukuici da dala ba, sai ranar sauka. Mutanen sun cancanci fiye da haka, amma a sanar da baƙo ya shirya.

Ngorongoro, dutsen da ya rufta ya zama kwari mai zurfin kusan mita 600, a gurguje aka zagaya da mu. Mun ga zaki da jakin dawa, karkanda kuma daga nesa. Idan na koma, da jakar barcina zan tafi, kuma kwana biyu zan nema a kwarin.