Shekara Biyu da Inconel 625 a Ruwan Bahar Maliya

Duk wanda ya yi aikin ƙarfe a bakin tekun Jidda ya san gishirin nan ba ya jin kunyar kowa. Bahar Maliya na ɗauke da gishiri kusan giram 40 a kowace lita, yawancin tekuna kuwa 35 ne, ga ruwan da ɗumi. A ƙaramar tashar tahliya, wato inda ake cire gishiri daga ruwan teku, da nake wa walda kudu da gari, da sitenles 316 muke haɗa bakin famfon da ke jawo ruwan teku. A ido fes yake, har da ƙyalli. Ranar da ka kwance sai ka tarar da ƙananan ramuka kamar cin gara, musamman ƙarƙashin roba inda ruwa ke kwanciya.

Da muhandis, wato injiniyanmu, ya ce mu koma Inconel 625, wani haɗin ƙarfe mai yawan nikel, sai da na ce masa, “Yallaɓai, ka ga farashin kuwa?” Riyal ɗin bol ɗaya ya sayi na sitenles fiye da biyar. Ya ce in yi haƙuri in gani.

Na gani. Bayan shekara biyu muka buɗe, nocin ya warware da sufana ba tare da na ɗauko wuta ba, zarensa lafiya lau. Sirrin a haɗinsa yake: nikel aƙalla kashi 58 cikin 100, kuromiyam 20 zuwa 23, sai molibdinam 8 zuwa 10, wanda shi ke hana gishiri tona ramin nan. A 316 molibdinam bai wuce 2 zuwa 3 ba.

Amma fa aiki da shi sai mai haƙuri. In bakin injin huda ya tsaya yana goga maimakon ya ci, wurin ya ƙara tauri ke nan. Baki uku na ƙona a warsha kafin na koyi rage gudu, in danna sosai, in yi ta zuba mai. Waldarsa da waya ERNiCrMo-3 ce, narkakkensa kuma ba ya malala kamar na sitenles, sai ka ja shi da hannu. Kada burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe ya kusance shi.

Kuskure ɗaya nawa ne. Na ɗaure shi da wani maƙalin baƙin ƙarfe a cikin ruwa, cikin 'yan watanni tsatsa ta cinye maƙalin, shi ko gezau.

Abin da ya fi ɓata mini rai saye ne. Wani dillali a Sina'iyya, unguwar masana'antu, ya kawo mana kwali guda da sunan 625. Maganaɗisu ba ya tona asiri, domin 625 da 316 duk ba sa kama shi. Sai da aka ɗora musu na'urar gwajin ƙarfe, nikel ya fito kashi 11. Tun ranar ba na sa hannu a takardar karɓar kaya sai an gwada a gabana.

Ga bututun ruwan da aka riga aka tace, har yanzu 316 nake sawa.