Jan kifirem ko Time Stretching: wanne ya fi bayan sauya saurin firem a Blender?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama haɗa motsin ɗan katun ɗinka a Blender, manhajar haɗa katun, a kan firem 24 a daƙiƙa, wato hotuna 24 a kowace daƙiƙa, da ka mayar 30 sai ya kama sauri, da ka yi ƙoƙarin gyarawa kuma kofin da ke hannunsa ya fara tsalle. Dalili shi ne Blender ba ta matsar da kifirem, wato alamomin da ke riƙe matsayin abu a wani firem, in an sauya saurin. Firem 240 da suke daƙiƙa 10 a da, yanzu daƙiƙa 8 ne. Hanyar gyara biyu ce.

Ta farko, jan kifirem a Dope Sheet, tagar da ke jera kifirem. Ka kai layin lokaci firem 0, ka danna A don zaɓar duka, sannan S don jan su, ka rubuta 1.25, wato 30 a raba da 24. Kafin nan ka kashe Only Show Selected, mai nuna kifirem na abin da ka zaɓa kawai, in ba haka ba jiki zai matsa, kyamara da motsin baki su tsaya inda suke. Illarta ita ce wasu kifirem suna faɗawa tsakanin firem biyu: na 10 ya koma 12.5. Sai an tura su lamba mafi kusa, tafiyar ƙafa ta ɗan canza, dole ka bi da ido.

Ta biyu, Time Stretching da ke ƙarƙashin Frame Range. Ka sa Old 24, New 30, ka ƙara firem na ƙarshe zuwa 300. Ba ta taɓa kifirem ko ɗaya, gobe ka ga dama ka mayar. Sai dai lambar da kake gani a layin lokaci ba za ta ƙara dacewa da wurin kifirem ba, gyara motsi a haka wahala ce.

Maganar kofi kuwa, nan ne gizo ke saƙa. A ce a firem 48 kofin yana kan tebur, a 49 Child Of, saitin da ke sa abu ya bi wani abu, ya maƙala shi a hannu. A da babu komai tsakaninsu. Da hanya ta biyu, firem 61 yana karanta 48.8, lokacin da kofin bai bar tebur gaba ɗaya ba, bai kuma zauna a hannu ba, sai ya bayyana a iska. Haka sauyawa daga IK zuwa FK, hanyoyi biyu na motsa gaɓoɓin ɗan katun, take yi wa gwiwar hannu. Ka zaɓi waɗannan kifirem, har da na matsayin kofin, ka danna T ka mayar da su Constant, don abu ya tsaya cak har sai kifirem na gaba ya zo. Ko ta farkon ka bi, ka duba su, don wasu tazararsu takan zama firem biyu.

Ni dai in aiki bai ƙare ba, ta farko nake bi, gara in sha wahalar sau ɗaya. In saura fitar da bidiyo kawai, ta biyu ta isa. Kowacce ka ɗauka, motsin riga da gashi da kwamfuta ta lissafa sai ka goge ka sake lissafa shi.