WZ523 da WZ551: Motocin Sulken Sin Biyu Masu Taya Shida

A shekarun 1980 ƙasar Sin ta gwada hanyoyi biyu na ƙera motar sulke mai tayoyi domin ɗaukar sojoji.

WZ523, wadda aka nuna a faretin ranar ƙasa na 1984 a Beijin, an ɗora ta ne a kan ƙashin babbar motar dakon kaya, da injin fetur da bindiga mai milimita 12.7. Hakan ya sa ta yi araha, gyaranta bai gagari makaniken gari ba, amma ƙarfinta a laka da tudu kaɗan ne, kuma fetur ba abin so ba ne a motar da harsashi zai iya samu.

WZ551 ta Norinco, kamfanin ƙera makamai na Sin, mai kama da motar sulken Faransa da ake kira VAB, tun daga tushe aka tsara ta domin yaƙi, da injin dizal na kamfanin Deutz na Jamus mai sanyaya kansa da iska, da farfela biyu a baya don ƙetare ruwa. A ganina nan ne ta yi zarra, domin jikinta ya iya ɗaukar igwa mai milimita 25, har rundunar Sin ta karɓe ta da sunan ZSL92, alhali WZ523 ta fi samun kasuwa a waje fiye da cikin gida, ciki har da Nijar da Namibiya.